Kayan aro da ake sayar mana da sunan mallaka

Ranar 31 ga Maris, 2024, kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya kashe saba, wato babbar kwamfutar kamfani, da ke ɗauke da wasan tseren motoci mai suna The Crew. Wasan ya fito tun 2014, kuma ba kyauta aka raba shi ba. Mutane sun sa kuɗinsu sun saya, wasu a faifai cikin kwalinsa, wasu ta intanet. Washegari duk wanda ya kunna sai ya tsaya a allon farko, daga nan babu gaba. Motocin da ya tara, fentin da ya zaɓar musu, titunan Amurka da ya yi ta ratsawa daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, duk sun tafi. Har ɓangaren da mutum ke bugawa shi kaɗai bai tsira ba, domin an gina wasan ne yadda ba zai tashi ba sai ya ji muryar sabar kamfani. Ba a jima ba kuma wasu da suka saya a shagon kamfanin na intanet suka tarar an janye musu lasisin gaba ɗaya, ko sauke fayilolin ba za su iya ba.

Na san abin da wasu za su ce: to, ba gem ba ne? Mutum da hankalinsa zai zauna yana jimamin motar da ba ta taɓa taka ƙasa ba? Ni ban yarda da wannan rainin ba, kuma ina ganin shi ne abin da ya daɗe yana ba kamfanoni mafaka. Muddin ana kallon masu buga gem a matsayin yara ko marasa aikin yi, babu wanda zai ɗauki kokensu da muhimmanci, alhali kuɗin da ke fita daga aljihunsu kuɗi ne na gaske.

Son tara abu tsohon hali ne na ɗan Adam. An tara kan sarki, an tara tsofaffin sulalla, an tara katunan 'yan ƙwallo, kuma ba wanda ya ce takardar da aka buga katin a kanta ce ke da tsada. Abin da ke cikin gem ma haka yake. Rigar da ɗan wasa ya samu a wata kakar da shi da abokansa suka kwana suna fafatawa har suka kai matakin da suka daɗe suna nema, shaida ce a wurinsa cewa yana nan lokacin da abin ya faru. Idan ya shigo fili sanye da ita, tsofaffin 'yan wasa suna ganewa, sababbi suna tambaya. Mutane da yawa a yau a cikin waɗannan wasanni suke haɗuwa da abokansu, a can suke hira, a can ake sanin su da wani suna da wata kama. Wanda ya kashe kuɗi don kamarsa ta yi kyau a wurin da yake shafe yammacinsa bai yi abin kunya ba. Matsalata tana wurin mai sayarwa.

Ka duba maɓallin da ake dannawa. An rubuta maka "saya". Amma a cikin doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke wucewa ba tare da ya karanta ba, abin da aka ba ka izini ne na amfani, wanda kamfani zai iya canzawa, ko ya dakatar, ko ya janye. Ba za ka iya sayar da asusunka ba bisa ƙa'ida, ba za ka iya barin sa gado ba, kuma idan aka rufe shi, ko da bisa kuskure, duk abin da ke ciki ya bi shi. Kayan aro ba ya rufe katara, amma aƙalla mai aro ya san aro ya yi. A nan farashin mallaka ake karɓa, a miƙo maka aro. Jihar Kalifoniya ta ga wannan, ta yi doka a 2024, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025, cewa shagon intanet ba zai rubuta "saya" a kan kayan dijital ba sai ya bayyana wa mai saye ƙarara cewa lasisi ne yake biya. Tun kafin dokar ta fara aiki, Steam, babban shagon wasannin kwamfuta na kamfanin Valve, ya saka wannan sanarwar a shafin biyan kuɗi. Mataki ne mai kyau, sai dai gaskiya kawai ya tilasta a faɗa, bai canza komai a cinikin ba.

A kan wannan rauni ne masu NFT, wato shaidar mallakar kayan dijital da ake rubutawa a bulokcen (rajistar intanet da ba ta hannun kamfani ɗaya), suka shigo da maganinsu, wajen 2021, kuma dole a yarda cewa ciwon da suka nuna na gaske ne. Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro bulokcen ɗin Ethereum, ya taɓa rubuta cewa ya yi shekaru yana buga World of Warcraft, sai wata rana kamfanin Blizzard ya rage ƙarfin wani sihiri na jarumin da yake so, kuma ranar ya gane illar a ce komai yana hannun hukuma ɗaya. Alƙawarin da aka yi wa 'yan wasa shi ne: takobinka, motarka, filinka, za a rubuta su a bulokcen da sunanka, babu kamfanin da zai iya goge su, kuma kana iya sayarwa duk lokacin da ka ga dama. Har aka riƙa cewa za ka ɗauki bindigarka daga wannan wasa ka shiga da ita wancan.

Abin da ya faru da F1 Delta Time ya isa amsa. Wasan tseren mota ne na kamfanin Animoca Brands, da lasisin gasar Formula 1. A 2019 an sayar da mota ɗaya ta cikinsa a kan kuɗin kirifto da ya haura dala 100,000. A Maris 2022 lasisin ya ƙare, ba a sabunta ba, aka rufe wasan. Alamar mallakar motar tana nan a bulokcen, babu wanda ya goge ta, an cika wannan alƙawarin. Sai dai babu titin da za ta hau. Kamfanin ya yi tayin musanya wa mutane da kaya a wani wasansa, wato dai an koma ga alherin kamfani, abin da aka ce an zo kawarwa.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ake gina gem. Abin da aka rubuta a bulokcen lamba ce da ke cewa wane ne ke riƙe da abu kaza. Siffar takobin, nauyinsa a hannun jarumi, ƙarar da yake yi, yawan ɓarnar da yake wa abokin gaba, duk suna cikin manhajar wasan, a hannun waɗanda suka rubuta ta. Su ne za su iya mayar da shi mai ƙarfi yau, gobe su mayar da shi sanda. Batun ɗaukar kaya daga wasa zuwa wasa kuwa, sai wani kamfanin ya zauna ya zana kayan daga farko, ya daidaita shi da dokokin nasa wasan, ya biya ma'aikata, duk don abin da wani ya riga ya karɓi kuɗinsa. Wa zai yi wannan, kuma don me?

'Yan wasa sun gane haka da wuri fiye da masu zuba jari. Da Ubisoft ya ƙaddamar da shirinsa na NFT mai suna Quartz a Disambar 2021, yana raba hular kwano da bindiga masu lamba a wasan Ghost Recon Breakpoint, suka yi masa ca, kuma bayan 'yan watanni aka daina ƙara wa wasan sabon abu. A Disambar 2021 ɗin dai kamfanin Yukren da ke haɗa S.T.A.L.K.E.R. 2 ya sanar da nasa shirin NFT, ya janye cikin kwana guda ko biyu saboda fushin magoya baya. Valve ya riga ya hana irin waɗannan wasanni a Steam tun Oktoban 2021, Mojang kuma ya hana su a Minecraft a Yulin 2022, yana mai cewa suna raba 'yan wasa gida biyu, masu shi da marasa shi. An ce wai 'yan wasa ba su fahimci fasahar ba ne. Ni ina ganin sun fahimce ta sarai.

Abin da ya fi damuna a wannan babi shi ne abin da ya samu talakawa da aka ce musu wasa zai ciyar da su. Axie Infinity, na kamfanin Sky Mavis da ke Biyetnam, ya yi tashe a 2021 lokacin kullen korona, musamman a Filifin, inda mutane da yawa suka rasa aiki. A wancan lokaci, kafin ka fara sai kana da dabbobin wasan guda uku, kuma a lokacin da abin ya kai ƙololuwa kuɗinsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Sai aka samu masu jari da ke sayen dabbobin su ba wasu aro, waɗannan su yi ta bugawa kullum, a raba abin da aka samu. Kuɗin da ake biyan su da shi wani sulallan kirifto ne mai suna SLP, wanda darajarsa ta dogara da sababbin shiga da ke buƙatarsa don su hayayyafa dabbobi. Da sababbin shiga suka ragu, sai ya faɗi da sama da kashi 90 cikin ɗari. A Maris 2022 kuma aka yi kutse a Ronin, hanyar da kuɗin wasan ke bi, aka kwashe abin da ya kai kimanin dala miliyan 600, kuma hukumomin Amurka suka ɗora alhakin a kan ƙungiyar Lazarus ta Koriya ta Arewa. Ka tambayi kanka: a cikin dubban da suka yi ta danna waya a wancan lokaci, nawa ne suke yi don wasan yana musu daɗi? Aiki ne, aikin da babu albashi tsayayye, babu hutu, babu wanda za ka kai ƙara. A 2024 an sake ganin irinsa da wasan Hamster Kombat a Telegram, wanda masu shi suka ce ya tara mutum miliyan 300. Watanni ana danna allo, da aka raba sulallan a Satumba kuwa, akasarin mutane abin da ya zo hannunsu bai taka kara ya karya ba.

Tun kafin bulokcen ya shigo harkar an gwada wannan, an ga sakamakonsa. Da Diablo III ya fito a 2012, Blizzard ya buɗe kasuwar gwanjo a cikinsa inda ake sayar da makamai da kuɗin gaske. A Maris 2014 ya rufe ta da hannunsa, ya ce tana lalata ainihin wasan. Daɗin irin wannan wasa shi ne ka kashe dodo, wani abu mai ƙyalli ya faɗo, zuciyarka ta buga. Da kasuwa ta buɗe, hanya mafi sauƙi ta samun takobi mai kyau ta koma zama a gaban jerin farashi. Duk inda aka liƙa wa kowane abu farashi, mutum ya daina tambayar ko yana son abin, sai dai nawa zai kai gobe.

Wani zai kawo wasan harbi na Valve, Counter-Strike, a matsayin hujja cewa kasuwar kayan gem tana iya tsayawa da ƙafarta, kuma gaskiya ita ce ta fi kowace kusa da mallaka. Tun Agustan 2013 da Valve ya shigo da fentin bindigogi da wuƙaƙe, wanda 'yan wasa ke kira sikin, ana saye ana sayarwa, ana musanya, akwai masu sanin tsufan fenti da lambar zane kamar yadda masu tsofaffin agoguna suka san kayansu. Wasu wuƙaƙen sun fi mota tsada. Amma ka lura da gidan da kasuwar take ci. Idan ka sayar a kasuwar Steam, Valve na cire kashi 15 cikin ɗari, kuma abin da ya rage ba ya fita daga asusunka na Steam, sai dai ka sake kashe shi a can. Wanda ke son kuɗi a hannu sai ya bi ta wasu shafuka na waje, inda damfara ta yi katutu. Sannan a Oktoban 2025 Valve ya fitar da wani gyara, ba tare da sanarwa ba, wanda ya ba da damar haɗa bindigogi biyar na ajin ja, wato launin waɗanda suka fi wuyar samu, a musanya su da wuƙa ko safar hannu. Cikin kwana ɗaya farashin wuƙaƙe ya rikito, masu bin diddigin kasuwar suka ƙiyasta cewa abin da ya zube ya kusa dala biliyan 2. Ga ɗan wasan da ya daɗe yana burin wuƙa, gyaran alheri ne, kuma ban ga laifin Valve a kansa ba. Wanda ya zuba ajiyarsa a ciki yana kiran ta jari shi ne ya wayi gari ya ga cewa ƙarancin da ya dogara da shi layi ne a cikin manhaja, kuma alƙalamin yana hannun wani.

Daga ina wuƙaƙen ke fitowa tun farko? Daga akwati. Akwatin kan faɗo maka kyauta bayan wasa, amma a kulle, mabuɗinsa kuma dala 2.49. Ka saya, ka danna. Sai jerin bindigogi ya fara gudu a allo daga dama zuwa hagu, da wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas kamar ta agogo, shuɗi, shuɗi, shunayya, shuɗi, ga wata ja ta wuce. Gudun ya fara raguwa, ƙarar tana ja da baya, layin tsakiya yana matsowa kusa da wani abu mai tsada, kana riƙe numfashi, sai ya gota kaɗan ya tsaya a kan shuɗi na kusa da shi, wanda bai kai kuɗin mabuɗin ba. Gaskiyar ita ce an riga an yanke abin da za ka samu tun lokacin da ka danna. Jerin nan da ya wuce ta gabanka, da jar da ta "kusa" zama taka, ado ne da aka tsara don ka ji saura ƙiris. Da dokar ƙasar Sin ta tilasta bayyana alƙaluma a 2017, aka ga cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ke fitowa shuɗi ne, wuƙa kuwa kashi 0.26, wato kusan sau ɗaya a buɗewa 385. Ka ninka da kuɗin mabuɗi ka gani: ana maganar kusan dala 1,000.

Ni a wurina wannan caca ce, ko an kira ta da wane suna. Ka sa kuɗi, sa'a ta yanke, abin da ka samu yana da daraja a kasuwa. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta faɗi haka a Afrilun 2018, har kamfanin EA ya daina sayar da makin da ake buɗe fakiti da shi a wasan ƙwallo na FIFA a ƙasar a farkon 2019. Jafan ta riga kowa, tun 2012 ta haramta wani salon da ake sa mutum ya yi ta ja har sai ya cika jerin kaya kafin a ba shi babban. A Holan an ci tarar EA, sai babbar kotu ta soke tarar a 2022. Ƙasashe da yawa har yanzu suna fakewa da cewa ai kullum ana samun wani abu a akwatin, saboda haka ba a yi asara ba. Wannan hujja ba ta shiga kaina. Kuma ba ƙaramin kuɗi ake magana ba: EA da kansa ya bayyana cewa a shekarar kuɗinsa ta 2021 ɓangaren Ultimate Team, inda ake buɗe fakitin katunan 'yan wasa, ya kawo masa dala biliyan 1.62. Katunan nan kuwa ba sa bin ka zuwa wasan shekara mai zuwa. Duk kaka sai ka faro daga tushe.

Wasannin waya da ake saukewa kyauta, irin su Free Fire da PUBG Mobile da eFootball, su suka kai wannan tsari hannun kowa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma ba na ƙin kamfani ya ci riba, ma'aikatansa ba iska suke sha ba. Abin da nake ƙi shi ne dabarun ɓoye farashi. Ba a ce maka riga dala kaza ce, sai a ce dayamon kaza, ko UC kaza, ko koyin kaza. Fakitin dayamon ɗin kuma an yanka shi yadda ba zai yi daidai da kuɗin rigar ba, ko ya gaza kaɗan ka ƙara saye, ko ya yi saura kaɗan ya riƙa kiran ka. A saman allo ga agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin kayan ya ɓace. Babba ma yana rikicewa, balle yaro. A Disambar 2022 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa Epic Games, masu Fortnite, biyan dala miliyan 520, daga ciki miliyan 245 don mayar wa mutanen da aka ja su sayen abin da ba su yi niyya ba. A Janairun 2025 masu Genshin Impact suka amince da biyan dala miliyan 20, da daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatunan sa'a ba da izinin iyaye ba. A Maris na shekarar hukumomin kare masu saye na Tarayyar Turai suka fitar da ƙa'idoji da ke neman a riƙa nuna farashi da kuɗin gaske. Abin da ya kamata a ce tun farko haka yake.

Mu 'yan wasa ma muna da namu kason. A cikinmu ne ake yi wa yaron da ya shigo da rigar kyauta dariya har ya je ya matsa wa iyayensa. Mu ne muke taruwa dubbai muna kallon mai yaɗa wasa kai tsaye yana buɗe akwati ɗari a zama ɗaya, yana ihu idan ta faɗo, ba tare da mun tambayi kuɗin wa yake kashewa ba. A 2016 an gano wasu fitattun masu bidiyo biyu a YouTube suna tallar wani shafin cacar sikin kamar sun yi tuntuɓe da shi ne, alhali su ne masu shi. Masu kallonsu da yawa yara ne. Al'adar da ke auna ɗan wasa da abin da ya saya maimakon abin da ya iya, kamfani bai isa ya dasa ta shi kaɗai ba, sai da muka ba ta ruwa.

To me ya kamata a nema? Idan darajar kayan tana cikin wasan ne da mutanen da ke cikinsa, to abin da za a kare shi ne wasan. Wannan ne ya sa nake goyon bayan yunƙurin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, wanda Ross Scott, wani mai bidiyo a YouTube, ya fara a Afrilun 2024. Takardar koken da aka shigar a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025, adadin da ake buƙata kafin Hukumar Turai ta saurara. Buƙatar ba ta da yawa. Ba a ce kamfani ya riƙe saba har abada ba. An ce idan zai tafi, ya bar wasan da ya sayar a yanayin da za a iya bugawa: ko ya cire sharaɗin haɗuwa da intanet, ko ya saki manhajar da mutane za su kafa tasu sabar.

Ƙungiyar kamfanonin wasanni ta Turai ta ce wannan zai sa haɗa irin waɗannan wasanni ya yi tsada ƙwarai, kuma sabar da ba ta hannun kamfani ba ta da kariya ga bayanan mutane. Ba zan ce maganar banza ce ba. Wasan zamani yakan dogara da manhajojin wasu kamfanoni da aka yi hayarsu, da lasisin motoci ko kiɗa ko sunayen 'yan ƙwallo mai wa'adi, kuma warware wannan a wasan da aka riga aka gina aiki ne babba. Amma koken yana magana ne a kan wasannin gaba, waɗanda za a tsara da sanin cewa ranar rufewa tana zuwa. Kuma an riga an yi, duniya ba ta tashi ba. Da aka rufe Knockout City a Yunin 2023, ƙaramin kamfanin da ya haɗa shi ya saki nau'in da kowa zai kafa sabarsa a kwamfuta. City of Heroes, wanda NCsoft na Koriya ta Kudu ya rufe a 2012, magoya baya ne suka raya shi da kansu, suka riƙe shi da gudummawa, har kamfanin ya ba su lasisi a hukumance a Janairun 2024. Sony kuma, da wasansa Concord ya faɗi, ya rufe shi makonni biyu bayan fitowarsa a 2024, ya mayar wa kowa kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in kuma ba zai yi ba ya dawo da ladan.

Akwai kuma abin da ya wuce haƙƙin mai saye. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Waɗancan aƙalla suna nan a tsofaffin faifai da kaset, mai nema zai iya tono su. Wasan da ransa ke cikin saba, ranar da aka kashe ta babu abin da ɗakin adana tarihi zai ajiye sai hotuna. Ɗaruruwan mutane sun yi shekaru suna zana shi, suna rubuta labarinsa, suna haɗa sautinsa, kuma ba a tambaye su ba kafin a share.

Ina so in ga ranar da shafin sayar da kowane wasa da kowace riga zai ɗauki abu biyu a rubuce, da manyan baƙaƙe, kusa da farashi: mafi ƙarancin lokacin da kamfani ya ɗauki alkawarin riƙe wasan a raye, da abin da zai faru da shi bayan nan. Kamfanin da ya rubuta shekara biyu sannan a rufe ba tare da komai ba, yana da 'yancin yin haka, ni ma ina da 'yancin in ga rubutun in mayar da kuɗina aljihu. Wanda ya rubuta cewa zai saki sabar ga jama'a, zan fi sakin jiki in sayi kayansa, kuma ina kyautata zaton ba ni kaɗai ba ne. Kamfanonin sun san waɗannan ranakun, suna cikin lissafinsu da yarjejeniyoyin lasisinsu tun kafin wasa ya fito, saboda haka rubuta su a shafi ba zai ci musu ko sisi ba.